Jiran Hadari a Ƙasar Kawuna

Shekarar da ta bi bayan rasuwar mahaifinmu ita ce ta farko da na riƙe gandu, ita ce kuma kaɗai a rayuwata da damina ta faɗi ba ni gida. A lokacin Nasara ba su iso ƙasarmu ba, sai dai labarinsu a bakin fatake. Ƙauyenmu yana tsakanin Tasawa da Maijirgi, cikin shimfiɗaɗɗiyar jigawa, inda in ka hau kan rumbu za ka hangi hayaƙin garuruwan maƙwabta. Har na yi aure na haihu, dutsen da na sani bai wuce na niƙa ba.

Innarmu ba haifaffiyar nan ba ce, ƴar Azbin ce. Tana budurwa ta sauko kudu tare da ubanta a wata shekarar fari, suka yi zango bayan garinmu. Da ƙasa ta yi kyau uban ya koma arewa, ita ta zauna, don ta riga ta ga mahaifinmu a bakin rijiya, shi ma ya gan ta. Tun daga nan ba ta sake taka ƙasarsu ba. Hausa ta zauna a bakinta daram, Buzanci ba ya fitowa sai in akuya ta ɓata mata rai.

Kowane rani akwai ayarin Buzaye da ke sauka a gonarmu. Raƙumansu su ci kara su bar mana taki, mu sayi gishiri da dabino, su auni hatsi. Madugunsu tsohon aminin mahaifinmu ne. A wannan shekara, bayan ya yi mana gaisuwar rashi, ya nemi ganin Inna. Ya tsuguna a ƙofar gida ya gaya mata cewa wanta, wanda suke ciki ɗaya, idanunsa sun tafi, jiki ma ya fara sanyi, kuma ya ce in tana da rai yana so ya ji muryarta. Washegari na iske ta tana shafa wa wata tsohuwar salkar ruwa mai.

Na yi iya ƙoƙarina in sa ta ta bari sai bayan kaka. Na ce bazara ta kawo jiki, ga sassabe ban gama ba, ga rumbu yana son jinka. Ta ce mara lafiya ba a ce masa ya jira kaka, kuma ita ba ta ce kowa ya raka ta ba. To ina zan sa kaina a garin nan in aka ce na bar uwata ta shiga daji da ayari ita kaɗai? Na koma wurin madugu. Ya ce in kwantar da hankalina, abinci ya yi ƙaranci a arewa bana, da zarar sun sauke kaya wasu daga cikin mutanensa za su juyo kudu awon hatsi, sai in biyo su. Na lissafa a raina na ga in Allah ya so zan dawo kafin watan bakwai na manoma ya yi nisa. Na bar gida a hannun ƙanena, saurayi mai ƙarfi wanda kokawa ta fi hauya shiga ransa, da matata mai goyo. Na nuna musu damman iri, na yi ta jan kunne har matata ta ce ai ba Makka zan tafi ba.

Tafiyar ba zan tsawaita labarinta ba. Mun ratsa Damargu, muka shiga dajin da babu gari babu gona, sai ƙaya da rijiyoyi masu zurfi da ruwansu ke warin raƙumi. Inna tana bisa taguwa, wato macen raƙumi, ni ina ƙasa. Muna tashi da asuba, in rana ta take mu ɓuya ƙarƙashin tabarmi, da la'asar mu sake ɗaura kaya. Wata safiya na ɗaga ido na ga arewa ta yi baƙi ƙirin tun daga wannan gefe har wancan. Na ce wa mai raƙumin da ke kusa da ni hadari ya haɗu, mu nemi inda za mu rufe hatsi. Ya yi dariya har takunkumin rawaninsa ya zame. Ya ce ba hadari ba ne, duwatsun Azbin ke nan, kuma sai mun ƙara kwanaki kafin mu taɓa su.

Garin kawuna ba gari ba ne yadda muka san gari. Bukkokin tabarma ne warwatse a gindin dutse, cikin wani kwari mai tsawo. Ta tsakiyar kwarin wata busasshiyar ƙorama ta ratsa, yashi fari fat, faɗinta ya fi na gonar wani. A bakinta garake suke, wato lambuna, da dabino da goruba. Dama da hagu kuwa duwatsu ne baƙaƙe, wani bisa wani, kamar an ƙone su da wuta. Daga can ƙuryar kwarin akwai babban tsauni wanda ya fi duka, shi ne mutane ke duba kowace rana kafin su dubi juna.

Kawu dogon tsoho ne, ramamme, yana zaune ƙofar bukkarsa da muka iso. Inna ta sauka ta yi masa magana cikin harshensu. Ya miƙo hannu yana lalube, ta kama, suka zauna haka har aka gama sauke kaya. Daga baya ya shafa fuskata da kafaɗuna, ya ce da Hausa mai nauyi lalle wannan manomi ne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ƴaƴansa duk mata ne suna gidajen aure, ɗaya ce ke kusa tana aiko masa da abinci.

Kwana kaɗan da isarmu na je wurin madugu in ji ranar komawa. Na iske raƙuma kwance, tozonsu ya faɗa, ƙasusuwa a waje. Ya ce in duba da idona. Dabbobin nan ba za su iya ratsa dajin da muka baro ba sai sun ci ɗanyar ciyawa, kuma labari ya zo cewa rijiyoyi biyu na kan hanya sun ƙafe bayan wucewarmu. Babu mai motsawa sai ruwa ya sauka. Na tambaye shi yaushe ruwansu ke sauka. Ya ce yakan makara bayan na ƙasar Hausa, wani lokaci da wata guda, wani lokaci fiye, wata shekarar kuma ba ya zuwa sam. Ya faɗi wannan yana gyaran akala, kamar mai ba da labarin kasuwa.

Na san zafin bazara a gida, amma wannan dabam ne. A wurinmu rana daga sama take dukan mutum, in ya sami gindin gawo ko inuwar rumbu ya tsira. A can duwatsu ke shanye rana tun hantsi, su yi ta amayar da ita ta kowane gefe. Iska ba ta shigowa kwarin. In ka jingina da dutse sai ya toye maka baya, ko bayan magariba ka taɓa shi sai ka ji kamar gefen murhu. Gumi ba ya tsayawa a jiki, sai dai ka ga gishiri ya yi fari a rigarka. Leɓɓana suka tsage, tafin ƙafata ya daddare. Awaki su tsaya cirko-cirko baki buɗe, hankaka ma ba ya kuka.

Abin da ya fi zafin cin raina shi ne hadarin. Kusan kullum, da rana ta karkata, sai farin girgije ya ɓullo bayan babban tsaunin. Ya yi ta tasowa yana kumbura, gindinsa ya yi baƙi, kansa ya yi fari kamar kaɗa. Cida ta fara, dutse ya amsa, wani dutsen ya karɓa, har ka rasa inda ta fito. Walƙiya ta riƙa sara kan tsaunin. A gida in hadari ya yi haka daga gabas, mata sun fara kwashe shanya, don ba makawa jar iska za ta biyo baya, ruwa na bin ta. Ranar farko da gudu na zo na fara tattara tabarmi. Ba wanda ya motsa. Kafin magariba girgijen ya yayyage, ya watse, taurari suka fito, zafin ya dawo ya fi na da. Haka gobe, haka jibi. Wata rana har ɗigo ya faɗo mini a hannu, manya-manya, ɗumi gare su, na tsaya ina jiran sauran, shiru. Wata rana mu ga ruwa yana saukowa daga girgije kamar gezar doki, amma ya ƙare a sama bai taɓa ƙasa ba.

Na rasa inda zan sa kaina. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa wurin zuwa. Na sami wani dutse bayan bukkoki da nake hawa da la'asar in dubi kudu, alhali ba abin da ake gani sai wasu duwatsun. In na ga walƙiya can nesa ta wajen, sai in ce wannan a kan gonarmu take. In fara tunanin ko ƙanena ya gyara sungumi, ko ya yi gaggawar shuka a kan yayyafi, ko yana can wani gari wurin kokawa laimar ƙasa tana bushewa. Watan bakwai ya tsaya ina kallonsa daga tsakanin duwatsu, ya cika, ya fara raguwa.

Don kada in haukace na kama aikin garkar Kawu. Rijiyarsa ba a jan ta da hannu. Sa ne ke jan igiya, wani babban wasaki, wato gugan fata, ya taso ya juye ruwa cikin kututturen goruba da aka fafe, daga nan ruwan ya bi ƴan hanyoyi zuwa fangalin albasa da gindin dabino. Kawu, duk da makantarsa, shi ke kora san, ya san takun zuwa da na dawowa. Ni nake buɗe fangali ina toshewa. Amma rijiyar tana ja da baya kullum. Da farko wasaki yakan fito cike, daga baya rabi, daga baya sai mu jira ruwa ya taru kafin mu sake zurawa. Muka bar fangalin da ke nesa suka bushe don mu ceci na kusa. Dabino kuwa ya fara ja, kuma ruwan sama yana ɓata shi in ya same shi a haka. Don haka addu'ar Kawu kullum ita ce Allah ya zubo ruwa bisa tsauni, ya tsallake garkarsa.

Wata rana muna hutawa a gindin dabino ya ce da ni, "Ɗan ƙanwata, a wurinmu ɗan ƴar'uwa ba baƙo ba ne. Ka ɗauko matarka. Garkar nan taka ce, da rijiyar, da san."

Na ce, "Kawu, ina da gandu, ina da mutane a wuyana."

"Gonar da sai sama ta ga dama?"

"Rijiyarka ma ai saman take jira."

Ya yi dariya ya ce na yi gaskiya, bai sake tayar da maganar ba. Amma na lura daga ranar yakan sa in riƙe igiyar san, yana gaya mini wane dabino ne kakana ya dasa, wanne ne mai zaƙi, wanne ne sai an bar shi ya bushe.

Inna kuwa ta zama wata dabam. Matar da na sani mai ƙarancin magana, ga ta tana zaune cikin tsofaffin da suka yi ƙuruciya tare, suna hira cikin harshen da ba na ji, tana dariya har da hawaye. Zafin bai dame ta ba, ko ya dame ta ba ta nuna ba. Ita ke jan Kawu zuwa wurin salla, ita ke dama masa fura da cuku. In hadari ya taso ita ke gaya masa kamanninsa, ta wane gefe ya ɓullo, ina ya karkata. Ina jin daɗin ganinta haka, ina kuma jin haushi, ban san wanne ya fi yawa ba. Wata la'asar na sauko daga dutsena raina a ɓace, na ce mata yanzu haka mutane sun gama shuka a gida, mu muna nan muna gadin girgije. Ta dube ni ta ce ita ba ta ɗaure ƙafar kowa ba.

Ba a yi kwana uku ba na ji labarin wani mai jakuna da zai kai albasa Agadas. Na ce a raina birni ba ya rasa matafiya, ko fatake ko masu komawa Damargu, in na isa can na rage hanya. Na gaya wa Inna. Ta ce Allah ya kiyaye, ta cika mini salka, ta ɗaure mini gari da dabino a ƙyalle. Muka shirya cewa ita za ta biyo ayari in ruwa ya sauka. Kawu bai hana ni ba, ya dai ce wa mai jakunan kada su yi zango cikin yashi.

Muka kama hanya tun da sassafe. Hanyar ita ce ƙoramar kanta, don nan ne kaɗai babu tuntuɓe. Mai jakunan mutum ne gajere, mara son magana, yana tafe yana tauna taba. Ranar zafin ya wuce na kullum. Iska ta tsaya cik, ƙudaje suka addabi jakuna, numfashi ma sai ka yi da gaske. Bayan azahar muka shiga wani wuri inda duwatsu suka matso ƙoramar daga gefe biyu, ta zama kamar lungu. Na waiwaya na ga hadarin da ya haɗu kan babban tsauni ya fi na kowace rana, baƙi har yana shuɗi, ya haɗiye kan tsaunin gaba ɗaya. Amma na riga na gaji da yarda da shi. A kanmu kuwa rana ce tarwai.

Abin da na fara ji iska ce mai sanyi ta bugi ƙeyata, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata biyu ina jiran wannan ƙamshi, har na tsaya ina shaƙa. Sai na ga jakuna sun miƙe kunnuwa. Mai jakunan ya tofar da tabarsa, ya karkata kai yana saurare. Ni ma na ji, wani rugugi can bayanmu, ba irin na cida ba, don shi ba ya yankewa, kamar garken shanu a guje. Ya ce, "Sama. Kora su sama."

Muka yi ta dukan jakuna muna tura su kan gangaren dutse. Suna zamewa, kaya na karkacewa. Wata jaka mai ciki, wadda kayana ke kanta tare da buhunan albasa, ta toge a cikin yashi ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar kayan, suka zube, na kama kunnenta shi ya kama wutsiya, muka ja ta da ƙarfin tsiya. Ba mu gama hawa ba ruwan ya ɓullo daga kwanar lungun. Ban taɓa ganin ruwa mai goshi ba sai ranar. Ja ne kamar kunun kanwa, yana turo kumfa da itace da kashin awaki a gabansa. Da farko bai wuce gwiwa ba, kafin mu sami wurin tsayawa ya shafe inda muka bar kayan, ya ci gaba da hawa. Ana jin manyan duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa suna karo da juna. Duk wannan, ko ɗigo bai faɗo mana ba tukuna.

Muna tsaye muna kallo, sai ga dabino sukutum da saiwarsa ya wuce. Sai ga tabarmin bukka. Sai ga kututturen goruba fafaffe, irin wanda nake tsayawa kusa da shi kullum a bakin rijiya, yana juyawa cikin ruwan. Ban san na wa ba ne, kowace garka tana da irinsa. Amma na bi shi da ido har ya ɓace. Na san a irin wannan lokaci Kawu yakan kasance a garka, Inna kuma takan kai masa fura can. Sannan ne hadarin ya iso kanmu, da ƙanƙara da tsawa mai tsaga kunne, muka cusa kai ƙarƙashin wani dutse muna karkarwa. Mutumin da ya wuni yana neman inuwa, ga shi haƙoransa suna haɗuwa don sanyi.

Nan muka kwana. Da gari ya waye ruwan ya ja, ya bar laka da tarkace. Mai jakunan ya ce shi zai ci gaba da abin da ya rage masa, in ina zuwa in zo. Ga hanyar kudu a buɗe, abin da nake nema tun zuwana. Na yi masa sallama na juya arewa. Ban bi ƙorama ba, na bi ta kan duwatsu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ruwa ya tafi da shi.

Tun daga nesa na jiyo guɗa, na rasa ko ta mene ce. Da na iso na ga bukkokin da ke kan tudu suna nan. Yara suna iyo a cikin tafkunan da ruwa ya bari, mata suna wanki suna waƙa. A bakin ƙorama kuma maza suna tsaye jugum inda garakensu suke jiya. Ruwa ya cinye rabin garkar Kawu, rijiyar ta cike da yashi har baki, dabinai da yawa sun kwanta, ƴaƴansu warwatse cikin laka. Shi yana zaune a gefe, san yana ɗaure kusa da shi. Ya ji takuna ya gane ni. Ya ce in kama hannunsa in nuna masa iyakar inda ruwa ya kai. Na ja shi har wurin da ciyayi suka maƙale a jikin dutse, sama da kansa. Ya shafa ya yi hamdala, ya ce rijiyoyin kwarin nan sun sami na shekara biyu.

Shi ya gaya mini cewa Inna ce ta fitar da su shi da san tun da ta ga launin hadarin. Ya kuma gaya mini tun asuba ta bi bakin ƙorama ta yi kudu, tana duba abin da ruwa ya yar. Can da hantsi na hango ta tana dawowa, zanenta duk laka. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ina takalminka ɗaya?" Na ce ruwa ya ci. Ta wuce cikin bukka ta damo mini fura.

Na zauna muka yashe rijiyar, ni da surukin Kawu da maƙwabta. Ina cikin rami ina cika kwando da yashi, raina yana can gida, amma ban sake hawa dutsen nan ba, don babu lokaci. Hadari ya ci gaba da haɗuwa da la'asar, wani ya zuba, wani ya watse. Cikin ƴan kwanaki kwarin ya yi kore, har a tsagar duwatsu. Raƙuma suka tashi suka fara kiwo. Ranar da wasaki ya fito cike daga rijiyar Kawu, a ranar madugu ya aiko cewa masu zuwa kudu sun shirya.

Na je na sami Inna tana tsince dabinon da aka ceto, na ce a fara ɗaura kaya.

Ta ce, "Ɗaura naka."

Na ce, "Ke fa?"

"Wa zai ja kawunka zuwa salla? Ku kun girma, kuna da mai dafa muku. Ka ce wa matarka ta ɗauki babbar tukunyata, kada ta bar ta a rana."

"Sai yaushe ke nan, Inna?"

"Sai yadda Allah ya yi."

Ban yi gardama ba. Na ga yadda take a can, na kuma san yadda take a gida tun rasuwar mahaifinmu.

A hanyar komawa ba na kallon komai sai gonakin mutane. A Damargu na ga hatsi ya kai gwiwa, na ce shi ke nan. Ina tafe ina wuce raƙuma, in tsaya in jira su, in sake wucewa. Da muka kusa gida na bar ayarin na yanke ta daji, ban shiga gari ba sai da na bi ta gona. Na iske ƙanena da matata suna noma, goyon yana kwance a gindin kalgo. Ƙanena ya rame, ya yi baƙi, hannunsa duk kanta. Sun yi shuka a ruwan farko ta tsiro ta ƙone, suka sake da irin da ya rage, bai isa gonar duka ba, gefen arewa yana nan fili sai ciyawa. Yana ba ni labari yana sunkuyar da kai, yana jiran faɗa. Na karɓi hauyar daga hannun matata na ce ta je ta huta. Gefen da ya rage muka zuba masa wake, don lokacin hatsi ya wuce. Amfanin shekarar bai kai na mahaifinmu ba, amma ya kai mu wata damina, da taimakon waken.

Matata ta tambayi Inna tun a gona, na gaya mata. Ta ce dama ta ga alama tun ranar da tsohuwar ta ba ta maɓallin adakarta.

Kowane rani madugu yana kawo mana gaisuwarta da ɗan buhun dabino. A rani na uku ya zo da ita kanta. Kawu ya rasu da sanyin shekarar, garkar ta koma hannun ɗiyarsa da mijinta. Inna ta sauko daga taguwa da ƙyar, ta tsufa, ta ƙanƙance. Jikanta da ta bari a goye ya gan ta ya ruga bayan uwarsa yana kuka. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, maƙwabta suna ta shigowa barka da zuwa. Da matata ta durƙusa ta tambaye ta mi za a dafa mata, ta ce tuwon hatsi da miyar kuka, a sa daddawa da yawa, shekara uku ke nan tana mafarkinsa.